Taron Ƙara wa Juna Sani ta Wayar Salula: Yadda Ake Shirya Shi da Naɗar Sa a Ƙasar Damargu

Gabatarwa

An rubuta wannan bayani ne domin malaman gona da na kiwo, da shugabannin ƙungiyoyin manoma da makiyaya da na mata, da ma'aikatan gidajen rediyon karkara da ke aiki a gundumomin Tanut da Belbeji, a jihar Damagaram. Idan kuna cikin waɗannan, kun san wahalar tara mutane daga garuruwa masu nisa domin horo na yini guda. A nan za ku ga yadda ake gudanar da taron ƙara wa juna sani ta wayar salula, wato malami yana wuri guda, masu sauraro suna garuruwansu, ana jin juna ana tambaya ana amsawa. Za kuma ku ga yadda ake naɗar muryoyin taron, a adana su, a kai su ga waɗanda ba su halarta ba.

Abin da ya kamata ku riƙe tun farko shi ne wannan: mutanen da za su shiga kiran kaɗan ne, waɗanda za su ji abin da aka naɗa su ne masu yawa. Don haka tun ranar da kuka fara shirin taro, ku shirya shi a matsayin abin da za a naɗa, a kuma saurara bayan mako guda a garin da babu wanda ya san ku.

Dalilin da ya sa Damargu ke bukatar wannan hanya

Garin Tanut yana kan hanyar Damagaram zuwa Agadas, kusan kilomita 150 arewa da birnin Damagaram. Gundumar ta ƙunshi Tanut da Gangara da Olelewa da Falanko da Tenhiya. Belbeji, wadda ke yamma, a ƙasar Tarka, ta zama gunduma mai cin gashin kanta a shekarar 2011, bayan an cire ta daga Tanut. Ƙasa ce mai faɗi, garuruwanta a warwatse, kuma da zarar an sauka daga babbar hanya sai rairayi. Malamin gona guda ba zai iya zagaya garuruwan da ke hannunsa cikin mako ɗaya ba, ko da yana da babur da mai.

Ga shi kuma aikin gona a nan ba ya jira. Damargu tana bakin iyakar noma da kiwo, iyakar da dokar 1961 ta shata a arewacin ƙasar noma. Damina gajeriya ce, ruwa kaɗan ne. Idan murzuna, wato tsutsar da ke cin zangarniyar gero, ta bayyana lokacin da gero ya fitar da kai, shawarar da ta iso bayan kwana ashirin ba ta da sauran amfani. Haka nan labarin fara, da na cutar dabbobi, da na ranar da masu rigakafi za su sauka a mashaya. Waɗanda suka ga farin ɗango na 2004 da ƙarancin cimaka na 2005 sun san abin da jinkirin labari yake jawowa.

Dalili na uku shi ne harshe da karatu. A Damargu akwai Hausawa da Dagira da Buzaye da Fulani, kuma manya da yawa, musamman mata, ba su karanta boko. Takardar horo da aka rubuta da Faransanci sai an sami mai karantawa da mai fassara. Murya kuwa kowa yana jin ta kai tsaye.

Abin da aka riga aka gwada a Nijar

Koyarwa ta murya daga nesa tana da tarihi a ƙasar nan. A shekarar 1962 aka kafa ƙungiyar kulob-kulob na rediyo ta Nijar. Mutanen gari suna taruwa su saurari shiri, su tattauna, jagoransu ya naɗi ra'ayoyinsu a rakoda, a aika Yamai a sa a shiri na gaba. Gidan rediyon karkara na farko an buɗe shi a Bankilare a 1999.

Wayar salula ta shigo Nijar a 2001. Jenny Aker, wadda ta koyar a Jami'ar Tufts ta Amurka, ta bi farashin hatsi a kasuwannin ƙasar daga 2001 zuwa 2006, ta gano cewa zuwan salula ya rage bambancin farashi tsakanin kasuwanni da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari, domin ɗan kasuwa yana iya jin farashin wata kasuwa ba tare da ya je ba. Daga 2009, ƙungiyar Catholic Relief Services ta gudanar da shirin yaƙi da jahilci mai suna ABC a ƙauyukan jihohin Dosso da Damagaram, inda aka koya wa manya amfani da salula tare da karatu da lissafi. Binciken da aka yi ya nuna cewa ɗaliban ƙauyukan da aka haɗa musu da salula sun fi sauran sakamako. A 2009 ɗin ne kuma hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta fara kulob-kulob na sauraro da aka sani da suna Dimitra, aka ba su rediyo mai aiki da hasken rana da wayoyin da ke kiran junansu. A 2017 kuma, RECA, haɗakar majalisun manoma ta ƙasa, ta buɗe cibiyar amsa kiran manoma, tana kuma aika bayanai na murya ta WhatsApp cikin harsunan ƙasa.

Darasin da ke cikin waɗannan duka guda ne. Waya ba ta koyar da kowa ita kaɗai. Inda abin ya yi amfani, akwai jama'a da ke zama tare, akwai jagora a cikinsu, akwai kuma hanyar mayar da tambaya ga malami.

Hanyoyi uku na haɗa taro

1. Kiran haɗaka na wayar yau da kullum. Kuna kiran mutum na farko, ku ajiye shi a layi, ku kira na biyu, ku danna haɗawa, haka har ku cika. A tsarin GSM, mai kira yana iya haɗa layi biyar, shi ne na shida. Wannan hanya ba ta bukatar intanet, kuma ƙananan wayoyi da yawa suna yin ta. Sai dai ku tambayi kamfanin layinku ko ya buɗe muku wannan dama, domin ba kowane layi ne ke zuwa da ita a buɗe ba. Ku sani kuma mai kira ne ke biyan kuɗin kowane layi. Taron minti 40 da layi biyar, minti 200 ke nan za a caje ku. Ƙungiyar da za ta riƙa taro akai-akai gara ta nemi tsarin da kamfanoni ke yi wa ma'aikatu, inda ake biyan kuɗin wata, lambobin ƙungiya su riƙa kiran juna ba ƙarin caji.

2. Kiran rukuni ta WhatsApp. Yana ɗaukar mutum 32 a kira guda. Amma yana bukatar babbar waya da intanet mai ƙarfi a wurin kowane mai shiga. Ya dace da taron ma'aikata da ke manyan garuruwa, bai dace da ƙauyen da sai an hau tudu ake samun rezo ba.

3. Waya haɗe da rediyon karkara. Malami yana magana ta waya ko daga ɗakin watsa shiri, jagororin garuruwa suna bugowa da tambayoyi, kowa yana ji a rediyonsa. Wannan ce ta fi kai wa jama'a, amma sai kun yi yarjejeniya da gidan rediyon, kuma abin da aka faɗa a iska ba ya komawa.

A mafi yawan ƙauyukan Damargu, hanya ta farko ce za ta fi yi muku aiki. Kada ku raina layi biyar. Idan kowane layi yana hannun jagora guda, an buɗe amsa-kuwwar wayar ko an haɗa ta da ƙaramar lasifika, mutum ashirin suna zaune kewaye da ita, to mutum ɗari ne suka halarci taronku.

Shiri kafin ranar taro

Ku zaɓi magana guda ɗaya. Taron da ya haɗa taki da rigakafi da bashi ba a riƙe komai daga cikinsa. Ku bi kalandar aiki: zaɓen iri da sassaben zamani a bazara, tazarar shuka da cire a farkon damina, murzuna da sauran ƙwari lokacin da gero ya fara kai, ajiyar wake a buhu mai riɓi uku da kaka, lissafin rumbun tsimi da abincin dabbobi da rani. Maganar burtali da mashaya ku yi ta kafin dabbobi su fara gangarowa daga arewa, ba bayan an yi ɓarna ba.

Ku tattara tambayoyi tun da wuri. Kwana uku kafin taro, kowane jagora ya zauna da mutanensa, su fitar da tambaya biyu ko uku, ya faɗa muku ta waya. Ku ba malami su domin ya shirya. Ta haka ba zai ɓata lokaci kan abin da mutane suka riga suka sani ba.

Ku zaɓi malamin da ya san ƙasar. Wanda zai ce a zuba kilo kaza a eka, alhali masu sauraro da tiya da kwano da murfin kwalba suke awo, ya yi magana ne da kansa. Ku roƙe shi ya mai da kowane awo zuwa abin da ke hannun manomi, kuɗi kuma ya faɗe su da dala da jaka. Malaman ma'aikatun gona da na kiwo na gunduma, da na majalisar manoma ta jihar Damagaram, da masu bincike na cibiyar INRAN, su ne wuraren farko da za ku nema.

Ku zaɓi jagora a kowane gari. Aikinsa shi ne tara mutane, riƙe waya, hana surutu, da miƙa wayar ga mai tambaya. Rukunin mata ya sami jagora mace. Idan kuka haɗa maza da mata a zama guda, sau da yawa muryoyin maza kaɗai za ku ji.

Ku daidaita lokaci da mutane. Ku kauce wa ranar kasuwar garin da ta manyan kasuwanni irin su Bakin Birji, da lokutan salla, da safiyar damina da kowa ke gona. Rijiyoyin Damargu suna da zurfi, ɗiban ruwa yana cin lokacin mata, don haka ku tambaye su da kansu sa'ar da suke samun sarari. Ku kuma sanar da mai gari kafin zama na farko.

Ku gwada layi. Kwana guda kafin taro, a daidai sa'ar da za a yi shi, ku kira kowane jagora daga inda za a zauna. Kamfanonin da ke aiki a ƙasar su ne Airtel da Moov Africa da Zamani Telecom da Niger Telecom, kuma wanda ke da ƙarfi a wannan gari yana iya zama ba shi da shi a na gaba. Kowane jagora ya kai wayarsa caji tun jajibere, ya kuma tanadi waya ta biyu.

Yadda ake tafiyar da taron

Mutum uku ake bukata a wurin da ake jagorancin kira: mai gabatarwa, da malami, da mai kula da naɗar murya. Kada mutum guda ya haɗa duka. Taron kada ya wuce minti 40, domin sauraro ba tare da ganin mai magana ba yana gajiyarwa, batir ma yana ƙarewa. Ga tsarin da za ku iya bi:

1. Minti 5: sallama da gaisuwa. Mai gabatarwa ya kira sunan kowane gari, jagora ya amsa ya faɗi yawan mutanen da ke zaune. Sannan a sanar cewa ana naɗar murya.
2. Minti 10: bayanin malami, kashi na farko.
3. Minti 10: tambayoyi, gari bayan gari, bisa jerin da aka sanar tun farko.
4. Minti 5: malami ya ƙarasa abin da tambayoyi suka nuna ba a gane ba.
5. Minti 5: daga kowane gari mutum guda ya maimaita abin da ya fahimta da bakinsa. Nan ne za ku gane ko saƙo ya isa daidai.
6. Minti 5: mai gabatarwa ya taƙaita abubuwa uku da za a aikata, ya faɗi ranar taro na gaba, a yi addu'a a tashi.

A waya babu nuni da hannu, babu allo. Malami ya yi magana a hankali, da gajerun jimloli, ya maimaita kowace lamba sau biyu. Idan zai bayyana ƙwaro ko cuta, ya faɗi launinsa da girmansa da inda ake samun sa a jikin shuka ko dabba. Idan kun iya, ku aika wa jagorori hoto ko samfuri tun kafin ranar, su riƙa zagayawa da shi lokacin da ake bayani.

Garin da ba shi ne ke magana ba ya danna maɓallin rufe makirufo. Idan ba a yi haka ba, kukan jaki da sautin daka na gari biyar za su haɗu su rufe muryar malami. Mai gabatarwa ya maimaita kowace tambaya da babbar murya kafin a amsa, saboda sauran garuruwa da kuma saboda naɗin. Idan layin wani gari ya yanke, a ci gaba da taro, mai kula da naɗi ya sanar da su ta wata waya cewa za a sake haɗa su a ƙarshen sashen da ake ciki.

Inda masu sauraro Tamajak ko Fulatanci ko Barbarci suke ji, kada ku cusa fassara cikin kiran da ake yi da Hausa, domin lokaci zai ninka. Ku ware musu nasu taron da tafinta, ko kuma malami ya riƙa tsayawa bayan kowace gaɓa, jagora ya rufe makirufo ya fassara wa mutanensa.

Naɗar murya

Akwai hanyoyi biyu masu sauƙi, kuma shawararmu ita ce ku yi amfani da su duka a lokaci guda, domin idan ɗaya ta ƙi, ɗaya ta tsaya.

Ta farko, naɗi daga cikin wayar da ke kira. Ƙananan wayoyi masu maɓalli da yawa suna da wannan a cikin zaɓin da ke fitowa lokacin kira, kuma suna ajiyewa a katin memori. A manyan wayoyi abin ya bambanta. Tun 2022 kamfanin Google ya taƙaita manhajojin naɗar kira da ake saukewa daga rumbunsa, don haka wasu suna kama muryarku kaɗai, ba sa kama ta wanda ke can. Ku gwada da kira na minti biyu, ku saurara, kafin ku dogara da ita.

Ta biyu, naɗi da waya ta daban ko rakoda. Ku buɗe amsa-kuwwar wayar da ke kira, ku ajiye mai naɗin a gefenta, tazarar taki ɗaya, malami kuma ya zauna kusa da su biyun. Wayar da ke naɗi ku rufe layinta gaba ɗaya, don kada kira ya shigo ya katse aikin. Ku ɗora wayoyin a kan zane ko bargo, ba kan teburin ƙarfe ba. Ɗakin ƙasa mai tabarmi da labule ya fi ɗakin siminti da babu kaya a ciki, domin wannan yana mayar da sauti. Ku kashe fanka, ku nisanci janareto, kuma lokacin hunturu kada ku yi naɗi a fili saboda iska.

Da zarar an fara naɗi, mai gabatarwa ya faɗi ranar da watan da shekarar, da maganar da za a yi, da aikin malamin, da yankin da shawarar ta shafa. Wannan yana da muhimmanci ƙwarai. Murya tana yawo daga waya zuwa waya har shekaru. Shawarar shuka da aka bayar domin Gangara a shekarar da ruwa ya sauka da wuri tana iya cutar da wanda ya ji ta a wata shekara ko a wata ƙasa. Farashi da hasashen ruwan sama su ne suka fi saurin tsufa, don haka malami ya riƙa haɗa su da kwanan wata duk lokacin da ya ambace su.

Izini da kare mutuncin masu magana

Muryar mutum amana ce a hannunku. Nijar ta kafa dokar kare bayanan mutane a 2017, aka sabunta ta a 2022, akwai kuma hukumar da aka ɗora wa kula da wannan, wato HAPDP. Ko babu doka, naɗar mutum bai sani ba cin amana ne, kuma ranar da mutane suka gane, ba za su sake buɗe baki a taronku ba.

Ku sanar a farkon kowane taro cewa ana naɗi, ku faɗi inda za a kai shi: wayoyin jagorori kawai, ko rukunin WhatsApp, ko rediyo. Jagora ya karɓi amincewar mutanensa, ya faɗe ta a layi domin ta shiga cikin naɗin. Wanda ba ya so a ji muryarsa ya faɗa wa jagora tambayarsa, jagora ya yi ta a madadinsa. Mai tambaya ba dole ne ya faɗi sunansa ba, sunan gari ya wadatar.

Akwai maganganun da ba a rarraba su ko da an naɗa: rashin lafiyar wani, bashin da ke kansa, rikicin gona ko rijiya da aka ambaci sunaye, da abin da ya shafi zaman aure. Mace za ta iya yin tambaya a cikin 'yan uwanta mata, amma idan muryarta ta fito a kasuwa abin ya zame mata matsala a gida. Irin wannan tambaya, mai gabatarwa ya sake karanta ta da muryarsa ba tare da suna ba, a cire ta asalin. Rikicin ƙasa kuwa ku mai da shi ga kwamitin kula da filaye da sarakunan gargajiya, ba a yanke shi a waya.

Gyara, ajiya da rarrabawa

A ranar da aka yi taro, ku kwafe naɗin zuwa wuri biyu, misali kwamfuta da katin memori na daban. Ku sa masa suna da shekara da wata da rana, da magana, da harshe. Ku buɗe littafi ku riƙa rubuta kowane taro: ranar, malami, garuruwa, yawan maza da mata, tambayoyin da aka amsa da waɗanda suka rage.

Kada ku rarraba minti 40 yadda suke. Ku yanke gaisuwa da jiran layi da surutu. Manhajar Audacity kyauta ce, tana yin wannan aiki a kwamfuta, kuma ma'aikatan rediyon karkara sun saba da irinsa. Ku raba abin da ya rage gida-gida, kowane yanki minti 3 zuwa 5, tambaya guda da amsarta, kuma ku maƙala sanarwar kwanan wata a farkon kowanne. Kafin ya fita, malamin ya saurara ya tabbatar babu kuskure. Lamba guda da aka faɗa ba daidai ba a awon maganin ƙwari tana iya ƙona gona ko ta cutar da mai feshi.

Ku lura da nauyi. Naɗin sa'a guda a tsarin AMR, wanda ƙananan wayoyi ke amfani da shi, bai kai megabait 6 ba. A tsarin MP3 mai matsakaicin inganci, wato kilobit 64, ya kusa megabait 29. MP3 ya fi buɗuwa a kowace waya da rediyo mai cin kati, don haka shi ya fi dacewa da rarrabawa, amma ba ku bukatar ingancin waƙa domin magana.

Hanyoyin kaiwa su ne: katin memori da jagora zai karɓa ranar kasuwa, turawa daga waya zuwa waya ta Bluetooth, rukunin WhatsApp ga masu intanet, da rediyon karkara. Masu cajin waya a kasuwa, waɗanda mutane ke zuwa wurinsu ɗora waƙa da wa'azi, suna iya taimaka muku idan kun yi magana da su. Makiyayin da ke daji wajen Tenhiya ba zai shiga kira ba, amma katin zai iske shi a rijiya. Abin da ya fi duka amfani shi ne jagora ya sake tara mutane, har da waɗanda ba su zo ba, a saurara tare, a tsaya a tattauna, ya aiko da sababbin tambayoyi. Su ne za su zama tushen taro na gaba.

Abin da waya ba za ta iya ba

Akwai aikin da sai an gani da ido an kuma taɓa da hannu: haƙa tassa da rabin wata, ɗaure buhu mai riɓi uku, auna hannun yaro domin gane tamowa, yi wa dabba allura. Waya tana shirya mutane kafin zuwan malami, tana kuma tunatar da su bayan tafiyarsa, amma ba ta ɗauke masa zuwa. Haka nan ba a ba da maganin mutum ko na dabba ta waya ga abin da ba a gani ba. Malami ya faɗi alamomin haɗari, ya tura mutane gidan likita ko wurin malamin dabbobi mafi kusa.

Ku kuma lura da wanda ke riƙe da waya. A gidaje da yawa tana hannun mai gida. Idan ƙungiya ba ta tanadi waya da kati na rukunin mata ba, abin da kuka naɗa zai tsaya a majalisar maza.

Kafin ku buga kira na farko

Ku fara da kaɗan: gari biyu ko uku, magana guda, minti 30. Bayan mako biyu ku kira jagorori ku tambaye su mutum nawa suka saurari naɗin, da abin da aka aikata a gona ko a garke. Idan amsar ita ce an ji daɗin taro amma ba a yi komai ba, ku sake duba maganar da kuka zaɓa da lokacin da kuka kawo ta. Idan kuwa wani da bai halarta ba ya aiko da tambaya a kan abin da ya ji a katin maƙwabcinsa, to ku ƙara gari na huɗu da na biyar.